Ranar da Na-sani Ya Goge Madubi

A kamfanin ɗinkin nan babu mai kiransa da sunan da iyayensa suka raɗa masa. Na-sani ake ce masa, domin kafin ka rufe baki ya riga ya ce ya sani. Ka ce masa keke ya tsinke zare, ya sani. Ka ce masa gobe za a yi ruwa, ya sani. Akwai ranar da wani tela ya matso ya raɗa masa cewa wandonsa ya yage ta baya, ya ce ya sani, ya kuma wuni yana yawo a haka don kada a ce gaya masa aka yi.

Ƙanin matar Maigida ne, abin da ya hana shi rasa wurin zama ke nan. An fara gwada shi a tuƙin motar kai kaya, ya jefa ta kwata. An mayar da shi wajen guga, ya buga wa rigar wani lauya tambarin dutsen guga a tsakiyar baya. Daga ƙarshe aka tura shi sito, can baya ƙarƙashin kwano, inda yake wuni da zare da maɓalli da gumi. Duk takardar da aka kawo masa ta neman a sayo wani abu, sai ya ce ya sani, ya ninke ta gida huɗu, ya cusa ƙarƙashin ƙafar teburinsa mai ɗingishi.

Abu ɗaya yake so a duniya, makullin ɗakin sanyi. Ɗan ƙaramin ɗaki ne kusa da kantar karɓar ɗinki, shi kaɗai ke da esi mai hura sanyi a duk ginin, kuma a ciki saba take, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da awon duk wanda ya taɓa ɗinki a wurin, daga kafaɗa har tsawon wando. Daga cikinta ake buga wa Baba Mai-yanka 'yar takardar awo, shi kuma ya ɗora almakashi. Makullin yana hannun Injiniya, wata mata marar yawan magana da ke shiga da safe ta fito babu ɗigon gumi a goshinta. Wannan busasshen goshi shi ke ci wa Na-sani rai fiye da komai.

Ana nan sai Injiniya ta tafi kwas na mako guda, ta bar makulli a hannun Maigida. Ranar Litinin da hantsi saba ta fara shaƙewa. In ka danna abu sai ka je ka sha ruwa ka dawo bai buɗe ba. Ga shi kuwa akwai kakin masu gadi arba'in na wani kamfanin tsaro, an je an auno su ranar Asabar, za su zo sakawa ranar Juma'a da safe, kuma ko ƙyalle ba a yanka ba.

Maigida ya kira Injiniya ya saki murya kowa na ji.

"Ƙwaƙwalwarta ce ke cika, Yallaɓai," in ji ta. "Ka ga teburin Baba? In ya cika da yadi ai kan benci yake ɗora saura. To ita ma tana da nata bencin a cikin faifai, shi ake ce wa suwaf. Ya yi mata kaɗan ne. In na dawo zan ƙara mata, aikin minti biyar ne. Kafin nan ku riƙa kashe ta kuna kunnawa safe da rana. Amma don Allah kada kowa ya taɓa faifan nan biyu, madubin juna ne, kuma ɗaya daga ciki..."

"Na sani," in ji Na-sani, ya miƙa yatsa ya katse wayar.

Maigida ya dube shi. "Kai, lafiyarka?"

"Yaya, kati take ƙona maka. Minti biyar ta ce, ko? Ni a minti biyu zan gama. Suwaf ai abinmu ne."

"Kai da ka jefa min mota a kwata?"

"Kwatar ce aka haƙa a inda bai dace ba."

Baba Mai-yanka, tsoho mai tef rataye a wuya da tabarau a kan hanci, ya yi tsaki ya ci gaba da wasa almakashinsa. Maigida kuwa ya dubi tulin yadin kaki, ya dubi kalanda, ya tuna kuma yadda matarsa ta hana shi sakat a kan wai an dafa mata ƙani a sito. Ya zaro makullin.

"Ka ji ni da kyau. In ta yi aiki har Juma'a, ɗakin naka ne. In kuwa ka ɓata, sito za ka koma, kuma ko yayarka za ta yi kuka ta cika bokiti ba zan sake sauraro ba."

"Na sani."

Rabin awa na farko bai taɓa komai ba. Zama ya yi a kujerar Injiniya, ya buɗe hammata gaban esi, yana lumshe ido. Sai da jikinsa ya yi sanyi sannan ya ciro waya ya kalli wani bidiyo da ake koyar da aikin, ya tsallake farko domin ya ce surutu ne, ya tsallake ƙarshe domin ya ce ya gane. Daga nan ya duƙa gaban saba. Faifai biyu ne a jere, kowanne da 'yar fitilarsa. A sama Injiniya ta manna takarda ta rubuta da manyan baƙaƙe: MADUBI. DUK ABIN DA AKA RUBUTA A ƊAYA YANA CIKIN ƊAYAN.

Ya karanta sau biyu, sai ya buga cinya ya yi dariya. Irin wannan basira ba a yin ta babu shaidu. Ya leƙa ya kira Baba, ya kira matar da ke zama a kanta, har mai askin da ke maƙwabtaka da su sai da ya jawo shi da reza a hannu.

"Mai aski, kai ne gwanin madubi. In mutum ɗaya ya zauna a kujerarka, mutum nawa ne a shagon ban da kai?"

"Ɗaya mana."

"Na cikin madubin fa, ka taɓa yi masa aski?"

"A'a, sai dai in na haukace."

"Madalla! To ku dubi abin da matar nan take yi shekara uku. Faifai guda cur ta ware wa na cikin madubi, yana kwance yana shan esi, shi kuwa mai aikin yana shaƙewa. Wai benci za ta ƙara mata. Ni goge madubin zan yi, in mayar da faifan gaba ɗaya suwaf. Ba benci ba, ɗakin taro zan gina mata."

Baba ya sauke tabarau ya dubi faifan biyu. "To ɗana, a cikinsu wanne ne mutumin, wanne ne madubin?"

Na-sani bai yi wannan tunanin ba, amma rashin tunani bai taɓa hana shi magana ba. Ya ƙura wa fitilun ido. Ta hagu kore ce, tana ɗan ƙiftawa a hankali. Ta dama ja ce wur.

"Baba, tsufa ya fara taɓa ka. Dubi wannan, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Me ke sa ido ja?"

"Ciwo," in ji mai aski.

"Aiki! Wahala! Wannan shi ke ɗauke da kamfanin nan a ka. Wancan mai koren ido ɗan hutu ne, ƙifta ido kawai ya iya."

Matar kanta ta ce, "Ni dai duk inda na ga jar fitila, haɗari take nufi."

"Wannan a kan titi ne, Anti. Nan fasaha ake yi."

Ya kashe saba, ya soka filashin gyaran kwamfuta da Injiniya ke ajiyewa a durowa, ya kunna, ya shiga kwafo rubutu daga wayarsa da yatsa biyu, harshe a waje. Na'ura ta ƙi. Ta ce faifan nan akwai kaya a ciki. Ya sake bugawa. Ta sake ƙi.

"Kun gani? Har ita ta koya mata raina mutane."

"Wataƙila gaskiya take gaya maka," in ji Baba.

"Na'ura ba ta da gaskiya, umarni take bi."

Ya lalubo harafin da ake ƙarawa in ana so a tilasta mata, ya ƙara, ya daki kibod da ƙarfi kamar mai kashe kyankyaso. Sai ta yi shiru ta bi umarni. Ya zare filashi, ya sake kunnawa.

Abin haushin shi ne ta tashi. Ta tashi garau, kuma da ka danna abu sai ya buɗe nan take. Na-sani ya fito tsakiyar telolin nan ya ɗaga hannu biyu sama kamar wanda ya ci gasar dambe. Kafin azahar ya samo jan ribon a sito ya rataye makullin a wuya. Kafin la'asar ya manna takarda a ƙofar ɗakin sanyi: BA A SHIGA SAI DA IZININ BABBAN INJINIYA. Mai aski ya ce da shi "Babban" ɗin ya fi dacewa da bakinsa, ya ce ya sani.

Washegari matar kanta ta ƙwanƙwasa masa. "Duk wanda ya kawo ɗinki a 'yan watannin nan ba na ganin sunansa. Odar ƙarshe da take nuna min ta wata takwas baya ce."

"Tana warwarewa ne, Anti. Ke ma in aka yi miki tiyata ai ba ranar kike tuna kowa ba. Masu gadi suna ciki?"

"Suna ciki, lamba ɗaya zuwa arba'in, amma kwanan watan..."

"To me kike nema kuma? Buga wa Baba."

Ta buga. Baba ya jera takardun a tebur, ya ɗaga ta lamba bakwai, ya kira telan da ya je awo ranar Asabar.

"Kai, ba kai ka ce akwai wani dogo da sai da ka hau kujera ka auna kafaɗarsa ba?"

"Shi ne lamba bakwai, Baba."

"To ga shi nan takarda ta ce tsawon wandonsa inci talatin da huɗu. Wannan ko ni sai ya ɗage min."

Na-sani ya ratso tsakaninsu yana kaɗa makulli. "Tsakanin kan tela da kan kwamfuta wanne ya fi riƙe abu? Wannan da ko abin da ya ci jiya ba zai tuna ba?"

"Ina takardar da na rubuto?" in ji telan.

"An shigar, an yar. Mu nan ba ma tara shara."

Baba ya kai ƙara wurin Maigida. Maigida ya dubi kalanda, kwana uku suka rage, ya ce a yanka yadda takarda ta ce. Baba ya ce, "To, Allah shi ne shaida, ku ma ku shaida," ya ɗora almakashi a kan yadi.

Ranar Laraba saba ta aika wa mutane saƙo cewa ɗinkinsu ya kammala. Wani magidanci ya biya kuɗin mota tun daga ƙarshen gari ya zo karɓa. Aka duba aka rasa. Da aka karanta masa launin rigar da irin aljihunta, sai ya dubi jikinsa ya ce, "Ai ita ce wannan a jikina. Wata takwas ina saka ta, har wuyan ya fara cinyewa." Na-sani ya ce masa wannan sabon tsari ne na gaida tsofaffin abokan ciniki. Mutumin ya gaishe shi da kalmomin da ba za su rubutu ba, ya fita.

Ranar Alhamis faifan mai jan ido ya fara wani ƙas-ƙas kamar ɓera a cikin kwali. Na-sani ya ce atisaye yake yi, ya ƙara wa rediyo murya.

Juma'a da safe motar kamfanin tsaro ta tsaya a ƙofa. Mutum arba'in ba za su shiga shagon ba, sai Kwamandansu, wani mai gashin baki da sanda a hammata, ya ce su shiga biyar-biyar su saka, su fito su yi layi a bakin titi ya duba su. Mai aski ya fito da benci. Masu shaguna suka bar shagunansu. Na-sani ya tsaya a bakin ƙofa da ribon ɗinsa, ya ce wa Maigida ya shirya yi masa godiya a gaban jama'a.

Lamba bakwai ne ya fara fitowa. Wandon ya tsaya masa a ƙwauri, rigar ta ƙi rufe cibiya, hannayensa sun sandare a gefe kamar an rataye shi a igiyar shanya. Bayansa lamba goma sha biyu, wani ɗan tsamurmuri, ya fito riƙe da ƙugun wando da hannu biyu, hannun riga na lilo har gwiwa. Lamba ashirin bai fito ba sam, ana jin muryarsa daga ciki yana roƙon a zo a cire shi. Titi ya ɗauki ihu. Mai aski ya faɗo daga benci yana riƙe ciki.

Kwamanda ya daka tsawa su ƙame. Suka ƙame. Ya ce su sara. Hannaye suka tashi, sai ka ji ɓarrr daga farkon layi zuwa ƙarshe, hammata na yagewa, maɓallai na tsalle a kan kwalta. Masu manyan wanduna kuwa da suka saki ƙugu don su sara, wandunan suka zube ƙasa.

Kwamanda ya juyo a hankali. "Wa ya auna mutanena?"

Na-sani ya matso. "Ranka ya daɗe, awo daidai yake. Mutanenka ne suka canza."

"Sun canza mana! Rabinsu sababbi ne. Waɗanda ke riƙe da lambobin nan a da an mayar da su wani wuri tun wata biyar. Ba don haka muka ce a zo a sake awo ba?"

"Na sa..." Ya haɗiye sauran. "Bari in nuna maka a kwamfuta, ita ba ta ƙarya."

Ya ruga ɗakin sanyi, jama'a na biye. Ya danna. Faifan mai jan ido ya yi ƙas, ya yi ƙas, ya yi wani ɗan kuka siriri, allo ya yi baƙi. Ya kashe ya kunna. Ya hura mata iska. Ya ɗan mare ta a gefe. Gumi ya karyo masa a gaban esin da ya yi shekara yana mafarki.

A haka Injiniya ta same su, da jakarta a kafaɗa, daga tasha take. Ta karanta takardar da ke ƙofa, ta wuce ciki. Ta duƙa gaban saba, ta yi 'yan danne-danne, ta miƙe.

"Wanne ka goge?"

"Madubin. Ɗan hutun. Mai koren ido."

Ta juya wajen Maigida. "Yallaɓai, madubi a nan ba hoto ba ne. Kowanne cikakke ne, don in ɗaya ya mutu ɗayan ya riƙe. Mai jan idon nan ya lalace ya daina rubutu tun wata takwas, abin da ke cikinsa tsohon labari ne. Mai koren shi kaɗai ke ɗauke da ku. Shi ya goge, ya bar ku da marar lafiya, yau kuma shi ma ya mutu."

Maigida ya dafe kai. "Wata takwas! Me ya hana ki faɗa?"

"Na faɗa, ka ce in kai takarda sito a sayo sabo. Sau shida ina kaiwa."

Idanu suka koma kan Na-sani. Ya ce shi bai taɓa ganin wata takarda ba. Baba ya taka zuwa sito, aka ji teburi ya yi gwaram, ya dawo da dunƙulen takardu ya warware su ɗaya bayan ɗaya a gaban Kwamanda. Shida cif, kowacce da shatin ƙafar tebur a tsakiya.

Injiniya ta ce tana da kwafin da ta ɗauka kafin ta tafi, awon sauran mutane zai dawo. Na masu gadi ne kawai babu, domin bayan tafiyarta aka shigar. Yadin da aka yanka kuwa babu na'urar da ke mayar da shi.

Maigida ya miƙa hannu. Na-sani ya yi kamar bai gani ba, ya ce in aka duba da kyau ai saurin da ya yi alkawari an samu, kwana huɗu ba ta shaƙe ba. Maigida ya kama ribon ɗin ya zare ta kansa, har ya tafi da hularsa, ya miƙa wa Injiniya makullin. Sannan ya ciro tef daga wuyan Baba ya rataya masa a madadinsa.

"Fita titi ka auna su, su arba'in, tun daga lamba ɗaya. In ka gama ka wuce sito. Yayarka kuma ni zan kira ta da kaina."

Zai wuce ke nan Baba ya riƙo hannunsa, ya tsayar da shi gaban dogon madubin da ake gwada kaya. Jama'a suka taru a baya.

"Ɗana, kafin ka fita, taimake mu da fasaharka. Ga ku nan ku biyu, dukanku idonku ya yi ja. Wanne za mu goge?"

"Ku bar na cikin madubin," in ji mai aski daga ƙofa. "Shi dai bai taɓa cewa ya sani ba."

Na-sani ya buɗe baki, na cikin madubi ma ya buɗe, amma babu wanda ya fitar da kalma a cikinsu. Ya fita rana ya durƙusa a kan kwalta gaban lamba ɗaya, ya ɗora tef a ƙugunsa, ya karanta lamba da ƙarfi don kowa ya ji. Baba ya leƙo ta taga ya ce masa ya juya tef ɗin, ta wutsiya ya riƙe shi.